Yadda na koyi komawa cikin kayak ni kaɗai bayan ya kife da ni a teku

Abin da ya sa nake wannan rubutun shi ne na yi kusan shekara guda ina fita teku da kayak, a zatona na iya ceton kaina in ya kife, ashe ban iya ba, kuma ban samu wanda ya zaunar da ni ya jera min abubuwan nan ɗaya bayan ɗaya ba. Na sayi jakar iskar da ake saka wa filafili don ya tallafe ka wajen komawa cikin jirgin, na sayi famfon kwashe ruwa, na kalli bidiyo a YouTube ba adadi, na cusa kayan ƙarƙashin igiyar jirgi shikenan hankalina kwance. Ranar da abin ya same ni kuwa ba wata guguwa aka yi ba, waiwayawa kawai na yi in duba wani jirgin masunta da ya wuce ta bayana, taguwar da ya tayar ta bugo ni ta gefe, kafin in ce me ina ƙarƙashin ruwa kaina a ƙasa. Na fito dai, amma sau 4 ina ƙoƙarin hawa ina sake faɗowa, kowane faɗuwa ƙarfina na ƙara raguwa. Allah ya taimake ni gaɓa na kusa kuma iskar can take turawa, haka na riƙa jan jirgin da iyo har ƙafata ta taɓa ƙasa, na zauna kan yashi jikina na ɓari haƙora na haɗuwa. A daren na nemi wata ƙungiya da ke koyar da ceto a ruwa na tura musu saƙo.

Ga wanda bai san kayak na teku ba, wani siririn kwale-kwale ne, tsawonsa kamar mita 5, faɗinsa kuwa ya ɗan haura rabin mita kaɗan, a rufe yake ta sama sai rami ɗaya a tsakiya inda kake zura ƙafafu ka zauna. Gaba da baya akwai ɗakuna masu bango da ruwa ba ya shiga, su ne suke hana shi nutsewa ko da ramin zaman ya cika. Sannan akwai siket na roba da kake sawa a ƙugu ka maƙala bakinsa a jikin ramin don kar taguwa ta riƙa zubo maka ruwa ciki. Wannan siket ɗin shi ne abin da ya fi ba sabon shiga tsoro, don in jirgin ya kife kana manne a ciki.

Rajistar ba ta da wahala amma akwai jira. Sun aiko min fom na cike, suna tambayar ko ina da ciwon zuciya ko asma ko farfaɗiya, ko kafaɗata ta taɓa gocewa, da lambar wanda za a kira in wani abu ya faru, da ko na iya iyo da kaya a jikina. Tambayar kafaɗar nan na ɗauka cika fom ne kawai, sai daga baya na gane kafaɗa ce gaɓar da masu tuƙa kayak suka fi ji wa ciwo. Na jira sati 3 kafin a samu gurbi, don mutum kaɗan suke ɗauka a kowane aji. Maganar kuɗi kuma, na karatun bai kai abin da na kashe a tufafi ba, kuma da na sani da ban sayi komai ba sai bayan aji na farko, don suna bayar da aron kusan duk kayan, a nan za ka gane wanda ya dace da jikinka. Jakar iskar da na saya tun farko ma ashe mai ɗaki ɗaya ce, mai ɗaki biyu ta fi, in ɗaya ya huje ɗayan na nan.

Ranar farko a tafkin iyo na cikin gini aka yi, ruwa mai ɗumi, malamin yana tsaye a ciki ruwan ya kawo masa ƙirji. Ni na zo da zumuɗin a koya min hawa, shi kuwa ya ce yau fita daga jirgin da ya kife kawai za mu koya. Raina bai so ba gaskiya, na ce Malam ai fita na iya, hawan ne ya gagare ni. Ya ce to kife mu gani. Na kife, na yi ta fizge-fizge na fito da ƙyar gwiwata ta gogu da bakin ramin, na ɗago kai ina tari, sai ya nuna min jirgin can gefe guda, filafilin can wani gefen. Ya ce a teku da iska yanzu ba ka da jirgi. Nan jikina ya yi sanyi. Yadda ake yi shi ne, da ka ji ka kife sai ka duƙa gaba kamar za ka sumbaci jirgin, don fuskarka ta tsira in akwai dutse a ƙasa, ka bubbuga cikin jirgin sau 3 da tafin hannu don abokan tafiya su ji, sannan ka bi bakin ramin da hannu har ka lalubo ɗan zoben igiyar da ke gaban siket, ka tura shi gaba tukuna sannan ka ja sama. In ka ja shi kai tsaye zuwa ƙirjinka ƙara kamawa yake yi. Daga nan ka dafa gefen jirgin daidai ƙugunka ka tura, kamar mai cire wando, jikinka zai mirgino gaba da kansa. Duk abin bai wuce 'yan daƙiƙu ba in ka natsu. Kuma duk wannan filafilin yana hannunka ko a hammatarka, da ka ɗago kuma hannu ɗaya na jikin jirgi. Sau wajen 15 na yi a ranar, har da ido a rufe, har da wanda malamin ya ɓoye zoben a ciki da gangan don in koyi damƙo gefen siket ɗin in ɓalle shi ta wajen ƙugu. Tun ranar ba na barin gaɓa sai na taɓa zoben nan na tabbata a waje yake.

Maganar riƙe jirgin nan ita ce ya fi nanatawa, kuma na ga dalili daga baya da idona. Kayak da ba kowa a ciki ba shi da nauyi, yana saman ruwa iska na kama shi, kai kuwa kana cikin ruwa da rigar ceto da siket yana jan ƙafarka, in iska ta ɗan yi ƙarfi ko gwanin iyo ne kai ba za ka kamo shi ba.

Aji na biyu aka zo kan jakar iska. Abin da ban taɓa lura da shi a bidiyo ba shi ne hannu biyu kake buƙata wajen hura jakar da ɗaura ta, to da me za ka riƙe jirgin? Sai ka kwanta rigingine ka zura ƙafa ɗaya cikin ramin zaman tun jirgin na kife, ƙafar ta riƙe maka shi. Ka zura faffaɗan kan filafilin cikin jakar, ka ɗaure maɗaurinta a sandar, sannan ka hura, ba ka hura sannan ka zura ba, ni haka na yi a ranar hatsarina ya ƙi shiga. Sai ka juyo da jirgin da sauri, a fizge, don in ka juya a hankali ruwa yake ɗiba kamar ludayi. Sannan ka gicciya filafilin a bayan ramin zama, jakar tana can nesa a kan ruwa, ya zama kamar ƙafa ta biyu da jirgin zai jingina da ita. Hannu ɗaya ya haɗa sandar da bakin ramin ya damƙe. To a nan ne kowa yake kuskure, ni ma a nan na yi ta faɗuwa, wato mutum ya tsaya a miƙe cikin ruwa ƙafafunsa na ƙasa yana son ya ɗago kansa da ƙarfin hannu kamar mai haura katanga. Ba haka ba ne. Sai ka harba ƙafafu har su taso saman ruwa ka zama a kwance, sannan ka janyo jirgin ƙarƙashin ƙirjinka, ka kwanta ruf da ciki a bayan ramin kana kallon wutsiyar jirgin. Ka saƙala ƙafa ɗaya a sandar filafili, ka zura ɗayar cikin rami, ka biyo da ta biyun, sannan ka murɗa jikinka ka juyo ta ɓangaren da jakar take, ka zauna. Duk tsawon wannan lokacin nauyinka yana karkace wajen jakar. Daƙiƙa ɗaya ka manta ka karkata ɗaya gefen, za ka ga jakar ta tashi sama ta zagayo ta kanka, kai kuma ka koma ruwa. Sau 3 ta min haka kafin jikina ya gane. Akwai wata mata a ajin da ƙarfin hannunta bai kai ta hau ta wannan hanyar ba, sai aka nuna mata ta kwanta rigingine tsakanin jirgi da filafili ta saƙala diddige cikin ramin ta mirgino kanta sama da ƙarfin cinya, nan take ta hau, ta ma riga mu duka. Wani kuma mai jiki aka ba shi igiya ya zagaya ta ya yi kamar likkafa ya taka.

A ranar dai aka nuna mana hawan kaboyi, shi ba ya buƙatar jaka. Ka je hancin jirgin tun yana kife ka ɗaga shi sama kana harba ƙafa, ruwan ramin ya zube, ka juya shi, ka bi igiyar gefe ka koma baya, ka ɗare wutsiyar kamar doki, ƙirji manne da jirgi ƙafafu a ware cikin ruwa, ka yi ta jan ciki har ka wuce kan kujerar, ka fara jefa mazaunai ciki sannan ƙafafu ɗaya bayan ɗaya. Ya fi sauri nesa ba kusa ba, kuma a tafki na iya shi a gwaji na biyu har ina jin daɗi. Abin da ya bayyana a nan shi ne tarkacen da na lafta a bayan jirgi da aljihun rigar cetona, su suka riƙa saƙale ni. Na koma gida na rage su.

Daga nan sai jira. An sa ranar fita teku sau 2 ana ɗagawa, na farko iska ta yi yawa, na biyu kuma wai ta yi kaɗan, ruwan ya kwanta lumui ba abin da za mu koya. Lokacin na ji haushi don na riga na ɗauki hutu a wajen aiki, amma yanzu na gane me suke nema, iska matsakaiciya mai turowa zuwa gaɓa, a wani lungu da ko ka saki komai yashi za ka tarar.

Kafin mu shiga ruwa a ranar, malamin ya zaunar da mu kan maganar sanyi, kuma wannan ne darasin da na fi so kowa ya ji. Ruwa yana zuƙe zafin jiki kusan ninki 25 a kan iska. In ruwan ya yi ƙasa da digiri 15, da ka faɗa ciki jikinka zai ja numfashi da ƙarfi ba da izininka ba, in kanka na ƙarƙashin ruwa a lokacin to ruwa ka shaƙa. Akwai wani farfesa a Kanada, Gordon Giesbrecht, da ya taƙaita abin da lambobi 1, 10, 1. Minti 1 na farko ba ka da aikin da ya wuce ka shawo kan numfashinka. Sannan kana da kamar minti 10 da hannuwa da yatsunka za su yi maka aiki kafin su mutu. Sannan kusan awa 1 kafin sanyi ya gusar maka da hankali, shi ma in kana sanye da rigar ceto, in babu ita tun hannuwa suka daina aiki ruwa zai ci ka. Da na ji haka na gane abin da ya same ni a ranar hatsarina, ba rashin ƙarfi ba ne kawai, minti 10 ɗina na ƙone wajen gwada abin da ban iya ba, da singileti da gajeren wando don rana na haskawa. Tufafi don ruwan ake sawa, ba don ranar da ke sama ba, ko dai rigar roba mai kama jiki ko kuma wacce ruwa ba ya shiga sam, mai roba a wuya da wuyan hannu.

Da na kife a tekun, wallahi ko da rigar kare sanyin a jikina sai da numfashina ya sarƙe, fuskata kamar an mare ni. Na riƙe igiyar jirgin na ƙirga numfashi har ya daidaita sannan na fara. Hawan kaboyin da nake taƙama da shi sau 3 ina yi, duk lokacin da na zo daidai wajen jefa mazaunai sai taguwa ta ɗaga gefe ɗaya in tuntsura, don a nan ne kake zaune a sama ba abin da ke tallafe ka. Na koma kan jaka. Hurawa da ke ɗaukar ɗan lokaci a tafki ta zama aiki, ruwan gishiri na shiga baki, ɗan murfin da ake murɗawa yatsuna sun fara kasa kama shi. Sannan na tsaya ta gefen da iska ke turo jirgin kaina, sai ƙafafuna suka riƙa shigewa ƙarƙashinsa, na kasa kwanciya. Malam ya ɗaga murya ya ce in zagaya ɗaya gefen, ina bin igiya kar in saki. Da na koma gefen da iskar ke fitowa, jirgin na gudu yana jana, ƙafafuna suka taso baya da kansu, na hau a karo ɗaya. Farin cikin bai daɗe ba, don ashe hawan rabin aiki ne. Ramin cike da ruwa har cinya, kowace lita kilo guda ce kuma tana kai da komo a ciki, jirgin sai tangaɗi yake kamar ba wanda na sani ba. Na cire jakar da wuri don in ji daɗin yin famfo, na sake kifewa. A karo na gaba na bar ta a jikin filafili, na gicciya sandar a cinyata na danne da gwiwar hannu, na fara maƙala siket don taguwa ta daina mayar min da abin da nake kwashewa, na zura famfon ta gefen siket ɗin na yi ta bugawa har hannuna ya gaji. Kwashe ruwan ya fi hawan cin lokaci.

A hanyar komawa gaɓa na tambaye shi, in taguwar ta fi ta yau fa? Bai ɓoye min ba, ya ce yanayin da ya kifar da kai yana nan bai tafi ba, kuma yanzu ka fi gajiya, jirginka ya fi tangaɗi, jaka tana da iyakarta. Abin da ya fi shi ne kar ka fita daga jirgin sam, ka koyi mirginowa da shi. Wannan fasahar daga mafarautan Inuwit ta fito, mutanen Girinland da maƙwabtansu, su da faɗawa ruwansu mutuwa ce, kalmar kayak ɗin ma daga harshensu take, kuma a gasarsu ta gargajiya ana gwada salon mirginowa fiye da 30. Ni guda ɗaya ya ɗauke ni wata 2 ina komawa tafki duk sati. Abin da ya hana ni tun farko kaina ne, ina son in fito da shi in sha iska, alhali shi ne zai fito a ƙarshe. Gwiwa da ƙugu ne suke juyo da jirgin, filafili tallafi ne kawai yana share saman ruwa, kuma gwiwar hannu tana kusa da jiki don kar kafaɗa ta goce. Da na same shi sai aka haɗa min da wani, wato in ka riga ka fita, ka ja numfashi ka nutsa ka koma cikin ramin jirgin yana kife, ka kafa gwiwoyi, ka mirgino. Jin sa kamar hauka, amma a ruwa mai taguwa ya fi min duk sauran, musamman in jakar iska na kan filafilin, don ba wani hawa sama da za ka yi balle ka faɗo. Illarsa ruwa yake ɗebowa da yawa, famfo na jiranka.

Aji na ƙarshe kan abin da za ka yi in duk sun ƙi ne. Kar ka bar jirgin ka ce za ka yi iyo zuwa gaɓa sai in tana dab da kai, don gaɓa tana da nisa fiye da yadda ido ke nunawa, kuma masu nema sun fi saurin hango jirgi mai mita 5 a kan ƙoƙon kan mutum. Ka ɗora ƙirjinka a kansa ka fitar da jikinka daga ruwa iya yadda za ka iya. Ka kira taimako da wuri tun yatsu na iya danna maɓalli, oba-oba ta ruwa wato VHF a tasha ta 16, ko ƙaramar na'urar nan mai aika siginar neman ceto ta tauraron ɗan adam a kan 406 MHz, da usur. Kuma duk a jikin rigar ceto za su kasance, don abin da ke kulle a ɗakin jirgi ba ka da shi, in ka buɗe ɗakin a cikin ruwa ma ka cika shi ka rasa abin da ke riƙe jirgin a sama. Sannan wani a gida ya san inda ka tafi da lokacin da za ka dawo. Mun kuma gwada ceton mutum biyu, inda abokinka zai ja hancin jirginka kan nasa ya zubar da ruwan ya riƙe maka ka hau, sauƙinsa da saurinsa ya sa na rage fita ni kaɗai sosai.

Da zan sake daga farko, da tufafi da koyon fita daga jirgin da ya kife zan fara, sannan jaka, sannan in je teku da wuri tare da masu lura da ni maimakon in daɗe a tafki ina jin na iya. Kuma da jirgina zan riƙa gwadawa da kayan da nake ɗauka a ciki, don na aron da na koya da shi bayansa a kwance yake, nawa kuwa ya fi tudu, sai da na sake koyon hawa a kansa. Yanzu duk fitar da zan yi, kafin in sauka nakan kife da gangan kusa da gaɓa sau ɗaya, a gajiye, in gwada ɗaya daga cikinsu.

Watan da ya wuce ya sake kifewa da ni ba da shiri ba, a bakin wani tsibiri inda iska ke karo da jan ruwa taguwar ta miƙe tsaye. Mirginowa ta farko ta ƙi don na ɗago kai, ta biyu ma ta ƙi, na ja zobe na fito hannuna na kan igiya filafili a hammata. Na tsaya na numfasa, na zura ƙafa a rami na hura jaka, na nutsa na koma ciki na mirgino. Abokin tafiyata ya iso ya riƙe min jirgin na kwashe ruwa, muka juya muka koma. Mirginowa ta ɓangaren hagu ce har yanzu ba ta zauna min ba, ita zan koma tafki in yi ta yi a wannan satin.